RUBUTACCEN SHIRI: Yadda Malamai Da Ma'aikatan Laburare Ke Amfani Da Wiki Wajen Koyo Na Gayya

  Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin nan mun kawo domin waɗanda datarsu ba za ta ɗauki sauraron murya ba, da kuma waɗanda dama sun fi son su karanta a tsanake.

Bari in fara da abin da duk wanda ya zauna a aji ya sani. Malami ya shigo ya ce a kasu rukuni-rukuni, mutum goma-goma, ga aiki nan a kawo nan da mako biyu. Me ke biyo baya? Mutum ɗaya ko biyu ne za su zauna su yi aikin, sauran kuwa nasu shi ne su haɗa kuɗin buga takarda, su turo suna da lambar rajista. Ranar miƙawa kowa ya samu maki iri ɗaya. Wanda ya sha wahalar ya ji an cuce shi, wanda bai yi komai ba ya fita da maki babu ilimi. Ita kuma takardar, malam ya duba ya sa hannu, ta tafi cikin kwali, ƙarshenta a same ta wajen mai ƙosai.

Wannan matsala ba tamu ce mu kaɗai ba, malamai a ko'ina suna fama da ita. Ɗaya daga cikin hanyoyin da wasunsu suka bi, tare da ma'aikatan laburare, ita ce amfani da wiki. Abin da nake so mu fahimta a yau shi ne, amfanin wiki a wajen karatu yana cikin abu guda: yana fito da aikin kowa fili. Wa ya rubuta, me ya rubuta, yaushe, kuma daga ina ya samo. In aka gane wannan, sauran bayanin mai sauƙi ne.

MENE NE WIKI?

Da yawanmu da an ce wiki sai mu ce Wikipedia. To Wikipedia wiki ce, amma ba ita kaɗai ba ce, kuma ba ita ce ta farko ba. Wiki shi ne duk wani shafin intanet da mutane da yawa za su iya rubutawa da gyarawa kai tsaye, ba sai sun iya haɗa manhaja ba. Wani masanin kwamfuta Ba'amurke mai suna Ward Cunningham ne ya buɗe na farko a shekarar 1995, ya sa masa suna WikiWikiWeb. Kalmar daga harshen mutanen tsibirin Hawai ta fito, inda "wiki wiki" ke nufin sauri-sauri, wato maza-maza. Ya ci karo da ita ne a jikin motar da ke jigilar fasinjoji a filin jirgin saman Honolulu.

Ita Wikipedia sai a ranar 15 ga Janairun 2001 Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe ta. Kafin ita suna da wani kundin mai suna Nupedia, wanda masana kaɗai ke rubutawa, kuma sai muƙala ta bi matakai bakwai na tantancewa kafin a sake ta. Har aka rufe Nupedia muƙalolin da ta kammala ba su kai 30 ba. Wikipedia kuwa a shekararta ta farko ta tara wajen dubu 20. Kun ga aikin gayya ke nan. Gonar da mutum ɗaya zai yi wata yana nomewa, samarin gari sun fito da safe, kafin azahar an tashi.

Sai dai gayyar wiki ta sha bamban da ta gona a wuri ɗaya. A gona in an tashi ba ka iya nuna kunyar da wane ya nome. A wiki kana iyawa. Kusan kowane shafin wiki yana da abubuwa huɗu.

Na farko maɓallin gyara. Ka danna, ka rubuta, ka adana.

Na biyu shafin tarihi. Duk gyaran da aka taɓa yi yana nan a jere, da sunan wanda ya yi, da rana, da lokaci. Kana iya ɗora tsohon rubutu kusa da sabo ka ga abin da aka ƙara da abin da aka cire. In wani ya yi ɓarna, da danna ɗaya za a dawo da shafin yadda yake.

Na uku shafin tattaunawa. Nan ne marubutan ke jayayya a kan abin da ya kamata ya shiga da wanda bai kamata ba, ba tare da sun ɓata ainihin rubutun ba.

Na huɗu mahaɗai da manazarta, wato hanyar da shafi ke kai ka wani shafin, da kuma inda ake nuna littafi ko jaridar da aka ɗauko magana.

Wani zai ce, to ai muna da gurup ɗin WhatsApp na aji. Haka ne, amma ku tuna yadda yake. Wani ya turo bayani mai amfani da safe, kafin dare saƙo ɗari uku sun binne shi, da sitika da barka da Juma'a. WhatsApp hira ce, tana wucewa. Wiki kuwa gini ne, yau ka ɗora bulo, gobe wani ya ɗora nasa a kai, ɗaliban baɗi su zo su tarar da shi su ci gaba.

Kuma wannan tsari ba baƙo ba ne a wajenmu. Duk wanda ya taɓa ganin tsofaffin littattafan zaure da aka rubuta da hannu ya ga yadda gefen shafi ke cike da ƙananan rubutu, wani da Larabci wani da ajami. Almajiri ya ji fassarar kalma a bakin malaminsa ya rubuta a gefe, wanda ya gaji littafin ya ƙara nasa. Bambancin kawai, a wiki kowane ƙari yana ɗauke da suna da kwanan wata.

YADDA ABIN KE GUDANA A AJI

Hanya biyu malamai ke bi. Ta farko ita ce wiki na cikin gida, wanda 'yan ajin kaɗai ke gani. Manhajar koyarwa ta Moodle, wadda jami'o'i da yawa ke amfani da ita, tana da wiki a cikinta. Haka kuma makaranta na iya ɗora MediaWiki, manhajar da Wikipedia kanta ke gudana a kai, domin kyauta ce. Hanya ta biyu ita ce a fita fili, ɗalibai su yi rubutu a Wikipedia, duniya ta gani.

Mu ɗauki misali domin abin ya zauna. A ce malamar tarihi ce ta ba ajinta aikin rubuta shafi a kan Kasuwar Kurmi ta Kano. Ta raba: waɗannan su yi asalin kasuwar, waɗannan su yi fatauci da hanyoyin da suka haɗa ta da Agadas da arewacin Afirka, waɗancan su yi sana'o'in cikinta, dukanci da rini da ƙira.

Ɗaliba ta farko ta rubuta cewa Sarki Muhammadu Rumfa ne ya kafa kasuwar. Wani ɗalibi ya shiga shafin tattaunawa ya ce, daga ina kika samo? Ta ce kowa ya sani. Ya ce "kowa ya sani" ba hujja ba ce. To nan karatu ya fara. Dole ta tafi laburare. Ma'aikacin laburare ya nuna mata cewa maganar tana cikin tsohon kundin nan na Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya buga fassararsa ta Turanci a 1908, kuma Rumfa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ta dawo ta sa madogara. Wani kuma ya zo ya ce, shi kundin an rubuta shi ne ɗaruruwan shekaru bayan Rumfa, ya kamata mu ce "kamar yadda Tarihin Kano ya kawo", kada mu faɗe shi kamar mun gani da idonmu. Aka gyara jimlar.

Ku duba abin da ya faru a kan jimla ɗaya tak. An koyi neman madogara, an koyi auna ta, an koyi karɓar gyara ba tare da faɗa ba. Ita kuma malamar, in ta buɗe shafin tarihi, ga komai a gabanta: wadda ta rubuta, wanda ya tambaya, wanda ya gyara, da wanda bai taɓa leƙowa ba sai daren da za a rufe. Babu sauran a sa sunana.

WAƊANDA SUKA GWADA A FILI

A shekarar 2008, wani malami a Jami'ar British Columbia da ke Kanada, Jon Beasley-Murray, yana koyar da adabin Latin Amurka. Maimakon jingar da aka saba, sai ya ce wa ɗalibansa su je su rubuta ko su inganta muƙalolin Wikipedia a kan littattafai da marubutan da suke karantawa. Ya ce duk rukunin da ya kai muƙalarsa matsayin zaɓaɓɓiyar muƙala, wato matsayi mafi girma a Wikipedia ta Turanci, yana da A+. Ku sani fa wannan matsayi kusan muƙala ɗaya cikin dubu ke samunsa, kuma ba malamin ne ke bayarwa ba, editocin Wikipedia ne da ba su san ɗaliban ba, ba kuma ruwansu da makinsu. A ƙarshe muƙaloli uku suka kai. Ɗaya daga ciki a kan marubucin ƙasar Peru ce, Mario Vargas Llosa, wanda ya ci kyautar Nobel a 2010. Ku yi tunanin yawan mutanen da suka nemi sanin ko wane ne shi a ranar da aka sanar, suka faɗa kan shafin da ɗalibai suka yi wa aiki.

A 2013 kuma, a makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco, Dokta Amin Azzam ya buɗe kwas da ɗaliban shekarar ƙarshe ke samun maki ta hanyar gyara muƙalolin lafiya a Wikipedia. Dalilinsa a fili yake. Mutane in ciwo ya same su, kafin su ga likita sun riga sun bincika a waya. Tunda can za su je, gara abin da za su tarar ya zama daidai. Su kuma ɗaliban suna koyon abin da likita ke matuƙar buƙata, wato bayyana magana mai wuya da kalmomin da mai jinya zai gane.

A Jami'ar Edinburgh ta Sikotilan, ɗaliban digiri na biyu a fannin fassara suna ɗaukar muƙala daga wani harshe su mayar da ita wani, a matsayin aikin kwas. Wannan kam ko tsayawa dogon tunani ba sai mun yi ba, sassan Hausa da na Turanci da na Larabci da na Faransanci a jami'o'inmu da kwalejojin ilimi suna iya yin irinsa gobe.

Abin da ya haɗa waɗannan misalai shi ne, ɗalibi ya san ba malam kaɗai zai karanta ba. Rubutun da ka san baƙo zai gani, ya kuma iya tambayarka hujja, ba za ka yi masa riƙon sakainar kashi ba.

INA MA'AIKATAN LABURARE SUKA SHIGO?

A wajenmu da yawa sun ɗauka aikin ma'aikacin laburare shi ne jera littattafai da cewa a yi shiru. Alhali ainihin sana'arsa ita ce sanin inda bayani yake, da sanin wanne ne abin dogaro. Wiki kuwa ba ya tsayuwa sai da madogara. Kun ga ashe tuwo ne ya samu miya.

Da farko sun fara amfani da wiki ne a tsakaninsu. A 2005 wata ma'aikaciyar laburare a Amurka, Meredith Farkas, ta buɗe wiki mai suna Library Success, inda abokan sana'a ke zuba dabarun da suka gwada suka ga sun yi aiki, domin kada kowa ya riƙa farawa daga tushe. A shekarar dai, Chad Boeninger na Jami'ar Ohio ya buɗe Biz Wiki domin ɗaliban kasuwanci. Maimakon takardar jagora da ake bugawa ta tsufa a kan kanta, sai ya zama duk tambayar da ɗalibi ya kawo, amsarta na iya zama sabon shafi da na bayansa zai amfana.

Daga baya suka fito fili su ma. A Janairun 2016, lokacin da Wikipedia ke cika shekara 15, aka fara gangamin #1Lib1Ref. Ma'anarsa, kowane ma'aikacin laburare ya ƙara madogara guda ɗaya. Ɗaya tak. In kuna karanta Wikipedia kuna ganin wata 'yar alama a gaban wasu jimloli da ke cewa ana buƙatar hujja. To aikin shi ne ka nemo irin wannan jimla, ka duba littafin da ke kan kantarka, in maganar gaskiya ce ka sa madogara, in ba haka ba ce ka gyara. Ana yin gangamin duk shekara. A nahiyarmu, ƙungiyar laburarorin Afirka ta AfLIA, mai hedikwata a Akara ta Ghana, ta shiga wannan aiki tun 2020, ta ware mako guda na ma'aikatan laburaren Afirka, ta kuma shirya musu kwas a kan Wikipedia.

Akwai kuma wani muƙami da ya samu, na ɗan Wikipedia mazaunin ma'aikata. An fara shi a Gidan Tarihi na Birtaniya a 2010 da wani mai suna Liam Wyatt. Laburaren Ƙasa na Wales ya ɗauki nasa, Jason Evans, a 2015. Aikinsu shi ne su koya wa ma'aikata da ɗalibai gyara, su kuma fito da hotuna da takardun da ke kulle a ma'ajiya zuwa inda jama'a za su gani. Misalin Wales ya kamata ya tsaya mana a rai, domin masu jin harshen Welsh ba su kai miliyan ɗaya ba, amma sun ɗauki harshensu a intanet da muhimmanci. Mu da muke da masu magana miliyoyi barkatai fa?

Ku tuna abin da ke ajiye a Gidan Arewa da ke Kaduna, da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da cibiyar IRSH a Yamai. Ku tuna jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa tun 1939. Ga kuma dubban kundayen digiri da aka rubuta a kan garuruwanmu da sana'o'inmu da mawaƙanmu, suna shan ƙura. Wikipedia ta Hausa tana da dubun-dubatar muƙaloli yanzu, amma da yawansu gajeru ne, wasu babu madogara ko ɗaya. Madogaran suna can a kan kanta, masu rubutun suna nan riƙe da waya. Wanda zai haɗa su shi ne malami da ma'aikacin laburare.

"AMMA MALAM YA CE KADA MU YI AMFANI DA WIKIPEDIA"

Na san wannan tambaya na zuwa. Malam yana da gaskiyarsa. A 2005 wani ya rubuta ƙarya a shafin wani tsohon ɗan jarida Ba'amurke, John Seigenthaler, ya alaƙanta shi da kisan Shugaba Kennedy da ɗan'uwansa, kuma ƙaryar ta zauna wajen wata huɗu kafin a cire. A shekarar dai mujallar kimiyya ta Nature ta ba masana muƙaloli 42 su auna, aka samu kusan kuskure huɗu a kowace muƙalar Wikipedia, uku a ta kundin Britannica. Kamfanin Britannica ya ƙi yarda da yadda aka yi awon. Abin da za mu ɗauka a nan shi ne, babu kundin da ya kuɓuta daga kuskure.

Ita Wikipedia da kanta ba ta ce ka kafa hujja da ita a furojet ɗinka ba. Mashiga ce. Ka karanta ka samu hasken batun, ka gangara ƙasa wajen manazarta, ka bi su zuwa asalin littafin. Hana ɗalibi shiga ba ya hana shi shiga, sai dai ya shiga a ɓoye ya kwafa. Shi ya sa Gidauniyar Wikimedia ta fito da shirin horar da malaman sakandare a kan karanta Wikipedia a aji, wanda aka fara gwadawa a 2020 a Bolibiya da Maroko da Filifin, daga baya ya iso Najeriya. Ana koya wa malami ya nuna wa yara yadda za su buɗe shafin tarihi, su duba tattaunawa, su ƙirga madogara, su gane muƙala mai ƙarfi da mai rauni. Yaron da ya iya wannan, in an turo masa saƙon "a yaɗa saboda Allah" a WhatsApp, zai tsaya ya ce, wa ya faɗa? A wannan zamani na ƙirƙirarriyar basira, da na'ura ke iya zubo maka amsa mai santsi wadda ba ta da tushe, wannan tambaya ta fi kowane lokaci tsada.

INDA GIZO KE SAƘA

Kada in sa ku ɗauka da an buɗe wiki shi ke nan an gama. Akwai matsaloli, kuma gara a san su tun wuri.

Ta farko, kunya da kara. Ɗalibai ba sa son taɓa rubutun juna. Kowa sai ya liƙa sakin layinsa a ƙasan na wani ya tafi, shafi ya zama kamar rigar da aka yi wa faci. A wajenmu abin ya fi ƙarfi, domin gyara wa wanda ya girme ka ko abokinka na iya zama kamar raini. Maganinsa malami ya mayar da gyaran wajibi: kowa sai ya gyara aikin mutum biyu, ya kuma rubuta dalilinsa cikin ladabi a shafin tattaunawa. In doka ce ta sa ka, ba wanda zai ce ka yi masa rashin kunya.

Ta biyu, yadda ake ba da maki. In malami ya ce yawan gyara zai ƙirga, zai ga ɗalibi ya sa waƙafi ya adana, ya cire waƙafin ya sake adanawa. A duba ingancin abin da mutum ya ƙara, da madogararsa, da yadda ya amsa gyara. A kuma raba aikin mataki-mataki: makon farko neman madogara, na biyu rubutun gwaji, na uku gyaran juna. In ba haka ba kowa zai taru a daren ƙarshe.

Ta uku, kwafe. Duk abin da aka sa a Wikipedia yana ƙarƙashin lasisin da ya ba kowa damar ɗauka ya yi amfani da shi, muddin ya ambaci inda ya samo. Saboda haka ba a yarda ka kwafo shafin littafin wani ka zuba ba, za a goge. Sai ka karanta, ka rufe littafin, ka faɗa da kalmominka, sannan ka nuna madogara.

Ta huɗu ita ce ta fi damuna, wato fassarar na'ura. A 2020 aka gano cewa wani matashi Ba'amurke da ba ya jin harshen Scots ya rubuta muƙaloli sama da dubu 20 a Wikipedia ta wannan harshe, Turanci ne kawai yake sauya wa rubutu. Da kyakkyawar niyya ya yi, amma ɓarnar ta yi yawa, domin masu haɗa manhajojin harshe daga irin waɗannan shafuka suke ɗibar misalai. Mu ma duk mai karanta Wikipedia ta Hausa ya ci karo da muƙalar da kalmominta na Hausa ne amma ba Bahaushen da zai gane ta. In malami zai ba da aikin fassara, sharaɗin farko shi ne ɗalibi ya karanta abin da ya rubuta da ƙarfi. In ba za ka iya faɗa wa kakarka shi ta gane ba, bai isa a adana ba.

Ta biyar, wuta da data. Wannan gaskiya ce, amma akwai dabara. Manhajar Kiwix tana ba ka damar sauke Wikipedia gaba ɗaya a kwamfuta ko waya ka karanta babu intanet. Akwai kuma WikiFundi, wadda ƙungiyar Wiki in Africa ta samar, da ke ba ɗalibai damar koyon rubutu da gyara babu intanet, sai an samu sabis a ɗora. Da ita ake gasar rubutu ta 'yan firamare a ƙasashe masu amfani da Faransanci irin su Mali da Kamaru da Senegal, inda yara ke rubutu a kan garuruwansu a Vikidia, kundin da aka yi domin yara.

Ta shida, kada a zuba ƙwai duka a hannun kamfani. Wikispaces dandali ne da malamai da yawa a duniya suka gina wikin ajinsu a kai. A 2018 kamfanin ya sanar zai rufe, ya kuma rufe. Wanda bai sauke aikinsa ba ya rasa. Duk abin da aji ya gina, a riƙa ajiye kwafinsa.

Akwai ta ƙarshe da ta shafe mu kai tsaye. Wikipedia ba ta karɓar "kakana ya faɗa mini". Sai abin da aka wallafa. Alhali tarihin unguwanninmu da sana'o'inmu da yawa a bakin dattawa yake. To a nan ne wikin cikin gida ke da ranarsa. Aji na iya zuwa da izini su ɗauki muryar dattijo, su rubuta sunansa da ranar hirar, laburaren makaranta ya adana. Wannan ba zai shiga Wikipedia yau ba, amma in wani mai bincike ya zo ya yi aiki a kansa ya wallafa, gobe ya zama madogara. Dattijon da ba a ɗauki maganarsa bana ba, ba lalle a same shi baɗi ba.

TO ME ZA MU YI?

In kai ɗalibi ne, ka buɗe asusu a Wikipedia ta Hausa, kyauta ne, kuma ba dole ka sa sunanka na gaskiya ba. Kada ka fara da sabuwar muƙala. Nemi shafin garinku ko na wani abu da ka sani sosai, ka karanta, ka buɗe tarihinsa ka ga su wa suka rubuta. Gyara kuskuren rubutu ɗaya. Sannan ka nemo littafi ka ƙara madogara ɗaya. In wani ya soke gyaranka kada ka yi zuciya, ka shiga shafin tattaunawa ka tambayi dalili. Kuma kada ka rubuta muƙala a kan kanka ko maigidanka, ba a so.

Malamaina masu daraja da ke bibiyar wannan shiri, a fara da kaɗan. Shafi biyar masu kyau sun fi hamsin na jeka-na-yi-ka. A sa ɗalibai su fara a shafin gwaji kafin su fita fili, a kuma nemi editocin Hausa da suka daɗe suna aikin, akwai ƙungiyarsu, suna kuma shirya horo. Sannan tun ranar farko a gayyato ma'aikacin laburare cikin aji, kada a bari sai an maƙale.

Ku kuma iyayenmu da yayyenmu na laburare, madogara ɗaya a mako ba ta fi ƙarfinku ba. Littafin da ba wanda ya ara shekara goma, in kuka sa sunansa a ƙarƙashin jimlar da ta dace, wani ɗalibi a Maraɗi ko Kumasi zai san yana nan.

Ga aikin gida na wannan mako. Kowa ya nemo shafin garinsu ko ƙaramar hukumarsu a Wikipedia ta Hausa, ya ƙirga madogara nawa ke ciki, ya zo ya faɗa mana a ƙasan wannan rubutu. In kuma akwai malami ko ma'aikacin laburare da ya taɓa gwada wannan da ɗalibansa, muna so mu ji yadda ta kaya, daɗi da rashinsa.

A nan za mu dasa aya. Ku tura wa malaminku da abokan karatunku. Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, Ya sa mu amfanar da wasu. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.